Agogon da ke hana mai nutso wuce iyaka: yadda kwamfutar nutso ke lissafin zurfin naitroks, da abin da ya shafi Tafkin Kainji

A ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgin ruwa ɗauke da mutane sama da 150 ya nutse a kusa da garin Wara, cikin ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi. Kaɗan ne suka tsira. An kwashe kwanaki ana neman gawarwaki, kuma mafi yawan aikin shiga ruwan gwanayen yankin ne suka yi shi, masunta da Sarkawa waɗanda suka gaji sana'ar ruwa kaka da kakanni. Abin da suke da shi numfashi guda ne. Mutum ya cika ƙirjinsa, ya nutsa, ya laluba, ya taso.

Duk lokacin da irin wannan ta faru a Yauri, Ngaski ko Shanga, za ka ga matasa a Facebook suna kiran a sayo wa masu ceto kayan nutso na zamani, musamman "tukunyar oksijin". Kiran yana kan hanya, sai dai akwai gyara a kalma ɗaya. Da za a cika tukunya da zallar oksijin a ba mai nutso, iyakarsa mita 6. In ya ci gaba da sauka, iskar da ke raya mu ita za ta iya halaka shi. Kowace irin iskar nutso tana da zurfin da ba a wucewa da ita, kuma akwai wata 'yar na'ura mai kama da agogon hannu da ke lissafa wannan iyaka daƙiƙa bayan daƙiƙa. Ita za mu buɗe yau mu ga abin da ke cikinta.

Mene ne naitroks?

Iskar da kake shaƙa yanzu, kusan kashi 21 cikin 100 oksijin ce, ragowar kashi 79 kuma kusan duk naitrojin ce. Ita wannan iskar ce ake matsawa cikin tukunyar yawancin masu nutso a duniya. Jiki ba ya amfani da naitrojin, amma a ƙarƙashin ruwa matsi yana tura ta cikin jini da tsoka. Mai nutso in ya daɗe a ƙasa sannan ya taso da sauri, naitrojin ɗin sai ta fito ta zama kumfa a jikinsa, kamar kwalbar lemon da aka girgiza aka buɗe. Sakamakon yana kamawa daga ciwon gaɓoɓi zuwa shanyewar jiki, har mutuwa.

Naitroks iska ce da aka ƙara mata oksijin don a rage naitrojin. Nau'i biyu da suka fi yawa su ne mai kashi 32 da mai kashi 36. Hukumar NOAA ta Amurka, wadda ke kula da teku da yanayi, ita ta daidaita amfani da su a shekarun 1970 ta hannun Dokta Morgan Wells. Dick Rutkowski, tsohon ma'aikacin hukumar, ya fara koyar da masu nutson nishaɗi a 1985, sannan ƙungiyar horarwa ta PADI ta buɗe nata kwas ɗin a 1996.

Ribarta lokaci ce. A jadawalin PADI, wanda ya sauka mita 18 da iskar yau da kullum yana da minti 56 kafin tasowa kai tsaye ta zama haɗari. Da naitroks mai kashi 32, minti 95 ne. A mita 30 kuwa, minti 20 ya zama 30. Ga mai aikin bincike da zai yi ta shiga yana fita a yini guda, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Da yawa suna ɗauka naitroks iskar zuwa zurfi ce. Akasin haka ne. Duk oksijin ɗin da ka ƙara, ka rage wa kanka zurfi.

Yadda oksijin ke zama guba

A bakin ruwa, iskar sararin samaniya tana danna mu da matsi kusan bar 1. Duk mita 10 da ka sauka a ruwa, an ƙara maka kusan bar 1. A mita 10 kana cikin bar 2, a mita 30 bar 4, a mita 40 bar 5. Abin shaƙa da ke bakin mai nutso yana ba shi iska daidai da matsin wurin da yake, in ba haka ba ƙirjinsa ba zai buɗu ba. Ma'ana, a mita 40 kowane numfashi yana ɗauke da iska ninki biyar na wanda yake shaƙa a sama. Ka ɗauka jakar da ke cin tiya ɗaya ce aka danna mata tiya biyar. In garwayen gero da dawa ne a ciki, kason kowanne bai canja ba, amma yawan kowanne ya ninka sau biyar.

John Dalton ya bayyana wannan ƙa'ida a Ingila tun 1801: kowace iska da ke cikin garwaye tana da nata rabon matsin. Rabon oksijin shi ne kasonta a ninka da jimillar matsi. A sama, 0.21 sau 1 ya ba da bar 0.21. A mita 40 da naitroks mai kashi 36, 0.36 sau 5 ya ba da bar 1.8.

Wani masani ɗan Faransa, Paul Bert, ya nuna a 1878 cewa oksijin mai yawan matsi tana jefa dabbobi cikin jijjiga irin ta farfaɗiya. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Kenneth Donald ya yi gwaje-gwaje masu yawa a kan masu nutson sojan ruwan Birtaniya, ya gano abu mai tayar da hankali: juriyar mutum ɗaya tana canjawa daga yau zuwa gobe. Wanda ya jure jiya yana iya faɗuwa yau a zurfi ɗaya. Wani lokaci akan ga alamu, kamar rawar leɓe, ƙuncewar gani, ƙara a kunne, tashin zuciya ko jiri. Wani lokaci jijjigar kawai take zuwa. A tudu mutum yakan farfaɗo. A cikin ruwa abin shaƙa ne zai kuɓuce daga bakinsa, ya sha ruwa.

Shi ya sa aka yi layi biyu. Bar 1.4 ita ce iyakar lokacin aiki. Bar 1.6 ita ce ta ƙarshe, an bar ta don larura ko lokacin da mai nutso yake tsaye cik yana jiran naitrojin ta fita daga jikinsa. Aikin wahala, kamar jan igiya ko ɗaga kaya, yana tara iskar kabon a jini, ita kuma tana ƙara saurin gubar. Mai ciro jirgi ko gawa yana cikin waɗanda ya kamata su fi kowa nisantar layin.

Lissafin da ɗan sakandare zai iya yi

Iyakar zurfin da aka yarda a yi aiki da wata iska ita ake gani a fuskar na'urar da haruffa uku, MOD. Matakan lissafinta uku ne:

1. Raba iyakar oksijin da kason oksijin na tukunyar. Wannan zai ba ka jimillar matsin da ba a so a wuce.
2. Cire bar 1 na iskar sama.
3. Ninka abin da ya rage da 10.

Mu gwada da kashi 32. 1.4 a raba da 0.32 ya ba da 4.375. A cire 1, saura 3.375. A ninka da 10, mita 33.75. A nan ba a ciko lamba zuwa sama, ana yanke ta ne zuwa ƙasa, don haka mita 33.

Ga sauran, a kan 1.4 sannan a kan 1.6:

- Iskar yau da kullum, kashi 21: mita 56.6, da 66.1
- Kashi 28: mita 40, da 47.1
- Kashi 32: mita 33.7, da 40
- Kashi 36: mita 28.8, da 34.4
- Kashi 40: mita 25, da 30
- Zallar oksijin: mita 4, da 6

Kada lambar farko ta ruɗe ka. Mita 56 iyakar oksijin ce kawai. Tun kafin a kai can naitrojin ta fara bugar da mutum kamar wanda ya sha abin maye, shi ya sa ƙungiyoyin horarwa suka tsayar da nutson nishaɗi a mita 40.

Abin da ke faruwa a cikin agogon

Kwamfutar nutso ba ta auna zurfi. Matsi take aunawa, sai ta fassara shi zuwa mita.

Wataƙila wayar da ke hannunka tana da ƙanwar wannan fasaha. Wayoyin iPhone tun daga iPhone 6 na 2014, da manyan wayoyin Samsung, suna da sensar matsin iska, wadda ke taimakawa wajen gane ka hau bene ko ka sauko. Irin waɗannan sensa yawanci iyakarsu bar 1.1, wato ko mita biyu a ruwa ya fi ƙarfinsu. Ta nutso kuwa, kamar MS5837 da masu ƙere-ƙere ke haɗawa da Arduino, tana kai wa bar 30, kuma tana iya bambance canjin zurfin da bai wuce milimita biyu ba.

Kafin a shiga ruwa, na'urar tana ajiye matsin iskar wurin. Bayan an shiga, tana ta karanta matsi tana ninka shi da kason oksijin da aka rubuta mata. Da zarar amsar ta kai 1.4, sai ƙara, walƙiya ko girgiza.

Lissafin "ninka da 10" na ruwan teku ne a bakin teku. Tafkin Kainji ya bambanta ta fuska biyu. Na farko, ruwan daɗi ne, ya fi ruwan gishiri sauƙi da kusan kashi 3 cikin 100, don haka sai an sauka mita 10.2 kafin a sami bar ɗaya. Na biyu, fuskar tafkin in ya cika tana kusan mita 142 sama da teku, inda matsin iska yake kusan bar 0.996. Ga cikakken lissafin a Python, za ka iya gwada shi a wayarka da manhajar Pydroid:

```
def iyaka(kaso, layi=1.4, sama=0.996, nauyin_ruwa=1000):
    kowace_mita = nauyin_ruwa * 9.81 / 100000
    return (layi / kaso - sama) / kowace_mita

print(iyaka(0.32))
print(iyaka(0.36))
```

Amsar farko 34.4, ta biyu kusan 29.5. Ka sauya nauyin ruwa zuwa 1030 da matsin sama zuwa 1.013, kamar a tekun Legas, kashi 32 zai koma mita 33.3. Na'urorin kamfanin Shearwater suna da waɗannan zaɓuɓɓuka a saitinsu: ruwan daɗi 1000, ruwan gishiri 1030, da ma'aunin Turai na EN13319 mai 1020.

To in mutum ya manta ya bar saitin a ruwan gishiri ya shiga Kainji fa? Lambar mitar da zai gani za ta gaza ainihin zurfinsa da kusan kashi 3 cikin 100. Amma ƙararrawar oksijin za ta buga a daidai lokacinta, tunda matsi take bi, kuma matsin shi ne abin da jiki ke ji.

Me ya sa agogo biyu ke ba da amsa biyu?

Ka ɗauko kwamfuta biyu na kamfanoni daban, ka sa wa kowacce kashi 32 da 1.4. Ɗaya za ta iya nuna 33, ɗaya 32.4. Babu wadda ta lalace. Nau'in ruwan da kowacce ta ɗauka yana iya bambanta, haka salon yanke lamba. Wasu kuma da gangan suke ƙara tazara. Littattafan na'urorin Suunto irin su Zoop da Vyper sun bayyana cewa a lissafin oksijin ana ƙara kashi 1 a kan abin da mai nutso ya rubuta. Ka gwada: 1.4 a raba da 0.33, a cire 1, a ninka da 10. Mita 32.4. In abokan nutso biyu suka sami lamba biyu, ƙaramar ake bi.

Banda zurfi, na'urar tana ƙirga tsawon lokaci. Jadawalin NOAA ya yarda da minti 150 a kan 1.4 a nutso guda, amma minti 45 kacal a kan 1.6. Kwamfutar tana mayar da wannan kashi cikin ɗari, kamar batirin waya amma a juye, yana hawa maimakon sauka. Minti 30 a 1.4 ya cinye kashi 20. Minti 9 a 1.6 ma kashi 20 ne. In an fito tudu, yawancin na'urori suna rage rabin abin da ya taru duk bayan minti 90.

A lokaci guda wani lissafin yana tafiya na naitrojin. Da yawa daga cikin na'urorin suna amfani da tsarin Dokta Albert Bühlmann na Zurich, wanda ya kasa jiki gida 16, wasu masu saurin shan naitrojin, wasu masu jinkiri. Tushen tunanin ya koma ga John Scott Haldane, wanda ya fitar da jadawalinsa a 1908. A 1983 kuwa kwamfutocin nutso na lantarki irin su Orca Edge a Amurka da Decobrain a Turai suka shigo kasuwa.

Inda na'urar take makancewa

Duk mai rubuta manhaja ya san cewa in ka ba kwamfuta shara, shara za ta mayar maka. Agogon da ke hannun mai nutso bai san abin da ke cikin tukunyar da ke bayansa ba. Mutum ne ke rubuta masa kason da yatsa. Har waɗanda ke magana da tukunya ta rediyo, yawan iskar da ta rage suke karantawa, ban da nau'inta.

Ka ga tukunya mai kashi 36, agogo kuma an bar shi a 21. A mita 40 fuskarsa za ta nuna 1.05, komai lafiya, alhali jikin mutum yana shan 1.8. Ko kuma a juya: tukunya iskar yau da kullum ce, agogo yana kan 36. Zai ba mai nutso mintocin da ba shi da su, ya taso da naitrojin fal a jiki.

Maganin wata ƙaramar na'ura ce ta gwajin oksijin. Ana fara daidaita ta da iskar waje har ta nuna 20.9, a kara ta a bakin tukunya, a karanta. Ƙa'idar ita ce mai shiga ruwan da kansa zai gwada, ya rubuta kason da iyakar zurfin a jikin tukunyar, sannan ya saita agogonsa. Ba a karɓar "ai na riga na duba maka".

A dawo gida Kainji

An kammala madatsar Kainji a 1968. Ruwan ya shanye tsohuwar Bussa da tsibirai da garuruwa masu yawa, aka sake wa mutane kusan 44,000 matsuguni, ciki har da Gungawan ƙasar Yauri. Tafkin ya kai tsawon kusan kilomita 135. Matsakaicin zurfinsa wajen mita 11 ne, amma kusa da madatsar yana kai kusan mita 60.

Ka ɗora lissafinmu a kan waɗannan lambobi. A mita 11, naitroks mai kashi 36 tana ba da bar 0.76 kawai, nesa da layi. A yawancin tafkin ke nan za ta yi wa ƙwararrun masu ceto amfani, musamman a ranakun da ake shiga ana fita. A ƙasan madatsar kuwa babu naitroks ɗin da za ta je, ko iskar yau da kullum ta wuce iyakarta. Wannan aikin masu garwaya iska da hiliyam ne.

Tsakanin waɗannan biyun ne ake buƙatar agogon. Ruwan tafkin yana hawa yana sauka da kusan mita 10 a shekara, don haka wurin da aka sani da mita 24 a wani wata yana iya zama 33 a wani. Tsohuwar hanyar kogin Neja tana nan a ƙasa, ta fi gefenta zurfi. Akwai kututturan bishiyoyin da ruwa ya shanye, waɗanda ake yawan ambata a haɗurran jirage, kuma suna iya riƙe igiya ko tiyo. Bayan damina ruwan yakan yi laka har mutum ya kasa karanta abin da ke hannunsa, shi ya sa agogo mai haske da girgiza ya fi dacewa da nan fiye da mai lamba kawai.

Akwai dabaru biyu da kan zo wa mai ƙoƙari a rai, kuma duka biyun suna kisa. Na farko, ɗauko silindar oksijin ta masu walda ko ta asibiti. Ka ga iyakarta a sama, ga kuma haɗarin gobara, don oksijin mai matsi in ta haɗu da maiko tana kamawa da wuta. Na biyu, jawo tiyo daga injin iskar masu faci. Wannan injin yana iya tura hayaƙi da tururin mai cikin iskar, kuma gubar hayaƙin ita ma matsi yana ninka ta yadda yake ninka oksijin. Masu nutson kamun kifi a Filifins da Honduras da ke aiki ba horo ba agogo sun daɗe suna biyan kuɗin wannan da shanyewar ƙafafu. Maganin ciwon kumfar naitrojin sai a ɗakin matsi na musamman, irin wanda ba a samu a asibitocin karkara.

Wayata ko agogona zai iya?

Tambarin IP68 da ke kan wayoyi da agogon da ake sayarwa a kasuwa yana nufin jure ruwa mara zurfi na ɗan lokaci. A wayoyin Samsung, mita 1.5 ne na minti 30. Agogon zamani da suka zama kwamfutar nutso ta gaske ƙalilan ne. Apple Watch Ultra na 2022 yana aiki har mita 40 tare da manhajar Oceanic+, kuma yana karɓar naitroks har kashi 40. Garmin yana da jerin Descent tun 2017. Su ma duk sai ka rubuta musu kason da hannunka.

Ga masu sha'awar rubuta manhaja, akwai Subsurface, wadda Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya fara a 2011 don ajiye bayanan nutsonsa. Kyauta ce, lambobinta a buɗe suke a GitHub, kuma a ciki za ka ga yadda aka rubuta lissafin iyakar zurfi da tsarin Bühlmann a manhajar da dubban masu nutso ke amfani da ita. Layuka uku da muka rubuta a sama don fahimta ne. Ba a shiga ruwa da su, kuma ba a taɓa naitroks sai da takardar horo.

Idan wata rana hukumomi irin su NIWA, NEMA ko gwamnatin Kebbi suka tashi sayen kayan nutso don Yauri, Ngaski da Shanga, ga abin da ya kamata matasa su tambaya: akwai injin cika tukunya mai tace iskar numfashi? Akwai na'urar gwajin oksijin? Kowane mai nutso yana da agogonsa? Wa zai horar da su, kuma ina za a kai wanda ya taso da ciwo? Gwanayen da suka san kowane lungu na ruwan nan suna nan a Wara da Yelwa, kuma su ya fi dacewa a fara horarwa. Kafin nan, rigar ceto a jikin kowane fasinja da daina yi wa jirgi lodin da ya wuce kima su ne za su rage yawan ranakun da za a buƙaci mai nutso tun farko.